Na Ce Su Jira Oktoba

Ko na bar wannan aiki, ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Litinin ta watan Oktoba, shekara uku ke nan. Ku da kuka shigo ofishin nan kwanan baya kun same ni da furfura a gemu da yawan ƙorafi, kuna ɗauka haka aka haife ni. A'a. A da ni ne mai baki a ofishin nan, wanda ba a tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Tunda yau babu layi, Hajiya kuma ta tafi Abuja, ku jawo kujeru ku ji.

A lokacin muna tsohon ofis, saman shagon mai tayoyi a titin Jos, nan garin Lafiya, inda sai ka hau matakala goma sha wani abu kafin ka iso mu, kana haki. Aikinmu bai wuce na masu Umara da masu ziyarar Urushalima ba, sai ɗalibai da 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya. Ni jami'in tikiti ne, shekarata shida a kujerar. Ga wanda bai san aikin ba, tafiya ƙafa uku gare ta: tikitin jirgi, biza wato izinin shiga ƙasar mutane, da masauki. Akwai ta huɗu da ba a rubutawa a rasit, ita ce shawara. Ita muke bayarwa kyauta, kuma ita mutane suka fi dogara da ita.

A farkon wannan shekarar Hajiya mai ofis ta dawo daga wani taro da sabon tunani. Ta ce mutanen Lafiya ma suna da ido, me zai hana mu buɗe teburin yawon buɗe ido? Ta naɗa ni shugaban teburin, ni kaɗai, ba mataimaki. Cikin mako biyu na tattaro hotuna daga intanet na haɗa ɗan littafi mai sheƙi. Akwai kasuwannin Kirsimeti na Jamus da fitilu ko'ina, akwai dusar ƙanƙara ga mai son ya taɓa ta da hannunsa, akwai furannin Japan, da bikin Indiya da ake watsa wa juna garin launi, da dabbobin dawa masu ƙetare kogi a Kenya. A shafin tsakiya na sa magangarar ruwan Biktoriya, inda kogin Zambezi yake faɗowa daga kan dutse tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Na rubuta sunan kowane wuri da abin da za a gani. Wane wata ya kamata a je, ban rubuta ba, domin ban ga abin tambaya a ciki ba.

A tsakiyar Maris wata mata ta hawo matakalar nan da wani dattijo a bayanta. Sunanta Ladi, nas ce a wani asibitin gwamnati, kowa Sista yake ce mata. Dattijon mahaifinta ne, Baba Ayuba, mutumin Shabu, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan ruwa bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana kunna injin da buɗe bawul. Bai ko kalli littafina ba. Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya shimfiɗa mini a tebur. Shafin tsohuwar kalanda ce, ta koɗe, ninkin ya kusa raba ta huɗu. Ruwan Biktoriya ne a cike, fari fat daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wannan nake so in gani," in ji shi. "Tun Ladi yana firamare yake bango na."

Da ya tashi ya je kallon taswirar da ke bango, Sista Ladi ta matso ta rage murya. Ta ce Baba yana da ciwon nan da ake kira hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe-gefe har ya bar mutum kamar mai leƙe ta cikin bututu. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama ne ya rage, ana ɗiga masa magani, amma likita ya ce in akwai abin da Baba yake son gani, to kada a yi wasa da lokaci. Ita da 'yan'uwanta sun haɗa ƙarfi, ta kuma nemi hutunta ya faɗo a Afrilu, bayan Ista. Abin da ya kawo su ke nan, in shirya musu tafiya a Afrilu.

Nan ne bakina ya buɗe. Ni ɗan Wamba ne, a gindin magangarar Farin Ruwa na girma. Na san shi a Satumba da Oktoba, lokacin da rurinsa yake hana ka jin maganar na kusa da kai, feshinsa ya jiƙa ka tun kana nesa. Na kuma san shi a Maris da Afrilu, ya rame ya zama kamar an rataya farin zare a jikin dutse. Saboda haka na jingina da kujera na yi dariya.

"Afrilu, Sista? A Afrilu ai ko kwaɗo neman ruwa yake yi. Ku kashe wannan wahala ku je ku ga dutse? Ku bari damina ta zuba ta ƙoshi. Oktoba za ku je, ku ga abin da ke cikin kalandar nan har da ƙari."

Baba Ayuba ya juyo daga wurin taswira yana gyaɗa kai. "Yaro nan ya san ruwa," ya ce. "Afrilu ne dam yake sauka, mutane su zo gidan ruwa suna zagin mu. Gaskiya ne."

Sista Ladi ta ce, "Amma likita ya ce..."

Na katse ta. Har yau ina jin muryata. Na ce, "Wata shida ne kawai, kamar gobe ne. Tafiya ɗaya za a yi, a yi ta daidai."

Ta dube ni, ta dubi mahaifinta, ta ce to. Ta koma ta roƙi shugabarta aka mayar da hutun Oktoba. Ni kuma na kama aiki da ƙwazo: na yanki tikiti zuwa ɓangaren Zambiya, na nemi biza ta fito lafiya, na kama ɗaki biyu a wani otal kusa da ruwan. Otal ɗin suka haɗa ni da mai yi wa baƙi jagora, wani Mista Banda. Har na ce wa Sista su sayi rigar ruwa, domin feshi zai jiƙa su sharkaf. Duk wanda ya shigo ofis a watannin nan sai na ba shi labarin yadda na ceci wani dattijo daga asarar tafiya.

Jirginsu ranar Juma'a ne daga Abuja, a mako na uku na Oktoba. Saura kwana goma sha ɗaya, ranar Litinin da safe, na iso ofis a jiƙe, domin tun asuba sama ta buɗe a Lafiya, kwatocin titin Jos sun cika suna amai. Na kunna waya na ga amsar Mista Banda. Tun ranar Asabar na tambaye shi ko ana ba da hayar takalmin roba a can, ko su taho da nasu. Ya ce babu buƙatar takalmi ko rigar ruwa, su dai zo da hula da kaya marasa nauyi, yanzu ne tsakiyar zafinsu. Ya haɗo da hoton da ya ɗauka da safiyar nan.

Bango ne na baƙin dutse, dogo, a bushe. Can a ƙurya wani siririn ruwa yana zirara. Mutane biyu suna tsaye a saman dutsen, a daidai inda kalandar Baba ta nuna kogi.

Na ce a raina kuskure ya yi, hoton wani wuri ya turo. Na kira shi. Mutum ne mai fara'a, yana magana yana dariya, bai san abin da yake yi mini ba. Ya ce su ruwan samansu sai Nuwamba yake farawa, kogin kuma sai ya tattaro ruwa daga nesa kafin ya cika, saboda haka daga Maris zuwa Mayu ne yake kan ganiyarsa. Oktoba da Nuwamba ne ƙarshen ramarsa, ɓangarensu na Zambiya har yakan bushe. Na tambaye shi Afrilun da ya wuce fa. Ya ce ai Afrilun bana ba a magana, feshi har ya hana mutane ɗaukar hoto.

Na ajiye wayar. Na buɗe kwamfuta na rubuta tambayar da ban taɓa rubutawa ba, wane wata ya fi dacewa a je. Amsar tana layin farko. Ban yi minti biyu ba. Tana nan tun Maris, tun kafin Maris, tana jiran wanda zai tambaya. Ƙasashen nan suna kudu da tsakiyar duniya, raninsu daminarmu ce, daminarsu raninmu. An koya mana wannan a sakandare, na ma ci jarrabawar, amma ban taɓa haɗa shi da ruwan da ke zuba a kan dutse ba.

Abin da na yi a awa biyun da suka biyo baya, ko ni ban san kansa ba. Na sauka ƙasa na tsaya a bakin shagon mai tayoyi ina kallon ruwa, na hawo. Na buɗe fayil ɗinsu na rufe. Na sake sauka na sayi gyaɗa, na dawo na ajiye ta ban ci ba. Na ɗauki waya zan kira Sista Ladi sau uku, ina kaiwa kan sunanta in fasa. Zan faɗa muku gaskiya tunda na fara: wani tunani ya zo mini, kuma bai zo sau ɗaya ba. Na ce ai dattijon nan ba ya gani sosai. In aka kai shi inda siririn ruwan nan yake, aka ce masa ga shi nan, wa zai ce ba haka ba? Su dawo su ce bana ruwa ya yi ƙaranci, a ɗora wa Allah. Kunyar wannan tunani ta fi kunyar kuskuren kansa damuna.

Ƙarfe sha ɗaya Hajiya ta iso tana kaɗe lema. Na bi ta ofishinta na rufe ƙofa, na ajiye mata wayar da hoton a buɗe, na faɗa mata komai a tsaye. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Babu kowa, Hajiya."

"Ruwan dai akwai ko babu?"

"Akwai ɗan kaɗan."

"To shi da idonsa ma ba..." Sai ta dafe baki. "Astagfirullah. Ka ga abin da ka sa ni, Haruna?" Ta tura mini wayar. "Watanni kana cika mana kunne da Farin Ruwa, Farin Ruwa, kamar kai ka haƙa shi. Kai ka ɗaura wannan, kai za ka kwance. Da ƙafarka za ka je, ba a waya ba. Amma kada ka je musu hannu biyu. Ka nemo abin da za a iya yi tukuna, abin da canjin zai ci ofis ya ɗauka."

Na sake kiran Mista Banda, wannan karon na gaya masa dalili. Dariyarsa ta ɗauke. Ya ce akwai hanya guda: babban zubin ruwan yana fuskantar ɓangaren Zimbabuwe, shi ba ya ƙafewa ko da rani, yana dai raguwa. In Baba ya tsaya a can zai ga ruwa na gaske, ko da bai kai na hoto ba. Matsalar ita ce wannan wata ƙasa ce daban. Bizar da ke hannunsu ta shiga Zambiya sau ɗaya ce, in suka ƙetare gadar da ke tsakanin ƙasashen biyu ba za su iya dawowa su hau jirginsu ba. Sai dai a sauya komai: tikiti ya koma filin jirgin wancan ɓangare, a kama wani otal, a nemi sabuwar biza ta intanet, wadda ba wanda zai ce maka ga ranar fitowarta. Na ƙare yinin a waya da kamfanin jirgi, suka ce akwai kujera biyu a ranar Juma'ar, za su riƙe mini zuwa jibi.

Talata da safe na hau acaɓa zuwa Shabu, na san Sista ba ta da aikin safe. Hanya duk taɓo, motocin doya suna watsa mana ruwa, ni kuwa ina ta shirya magana ina rushewa. Gidan yana bayan wasu bishiyoyin mangwaro. Abin da na fara gani ta ƙofar falo akwati ne a tsaye, an riga an ɗaure shi, da rigunan ruwa biyu rawaya a rataye a ƙusa, sababbi, ko ledarsu ba a gama cirewa ba.

Baba yana zaune a baranda. Na yi sallama, sai na ga ya juya kansa gaba ɗaya, hagu, dama, yana neman inda nake, har sai da na tsaya daidai gabansa. Da ya tashi zai kai ni ciki, bango ya dafa yana bi. Mutumin da a Maris ya hau matakalarmu ba wanda ya riƙe shi. A nan na ga abin da wata shidan nan ya ci, tun kafin a faɗa mini.

"Mai jirgi ne," ya ce yana murna. "Ladi, kawo kujera. Ran Lahadi coci duka sun yi mana addu'a."

Ban zauna a kujerar ba, na tsuguna. Na ce, "Baba, Sista, na zo da laifi ne." Na faɗa musu yadda yake, ban rage ba. Na ce Afrilun da suka zo da shi shi ne daidai, ni na hana su. Na miƙa wa Sista wayar.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta kalli hoton, ta kife wayar a cinyarta.

"Ka duba kafin ka gaya mana Oktoba?"

"Ban duba ba."

"Ko sau ɗaya."

"Ko sau ɗaya, Sista."

"Na ce maka likita ya yi magana. Ka bar ni na gama? A Afrilu Baba yana karanta Baibul da kansa. Yanzu ni nake karanta masa." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Abeg ka gaya mini, wa zai ba shi wata shida ɗin?"

Baba ne ya yi gyaran murya. Ya tambaye ni yaushe tasu damina take farawa, na gaya masa. Ya tambayi daga ina kogin yake tasowa, kwana nawa ruwa yake yi a hanya, irin tambayar mutumin da ya yi aikin ruwa. Na amsa abin da na sani, abin da ban sani ba na ce ban sani ba, karo na farko a rayuwar aikina. Ya girgiza kai, har da ɗan murmushi.

"Duniya nan da faɗi. Ni ma na yarda da kai ai. Ni ma na ce Afrilu ba ruwa."

"Baba, kai ba aikinka ba ne," in ji Sista Ladi. "Shi aikinsa ne."

Wannan magana ta shige ni, kuma gaskiya ce. Na daure na shimfiɗa musu hanya biyu. Ko a ɗaga tafiyar zuwa Afrilu mai zuwa, su ga ruwan a cike. Ko a gwada Zimbabuwe yanzu, su ga abin da ya rage, in biza ta fito cikin kwana goma, abin da ba zan iya yi musu alkawari ba. Sista ta juya ga mahaifinta. Ya ɗaga hannunsa ya riƙe a gaban fuskarsa, ya matsar da shi gefe kaɗan, ya dawo da shi.

"Wata da ya wuce ina ganin hannu nan har nan. Yanzu sai nan. Afrilu ba nawa ba ne, yaro na. A nemi biza."

Kwana taran da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Ranar Laraba na tura takardu: hoton fasfo, wasiƙar sabon otal, tikitin da aka sauya, hoton fuska. Daga nan sai jira, kuma ba abin da na tsana kamar jiran da ba ka da wanda za ka je ka tsaya masa a ka. In bizar ofishin jakadanci ce, ka hau mota ka je Abuja ka yi naci. Wannan kuwa shafi ne kawai mai rubutu ɗaya, ana dubawa. Ina sabunta shi kamar mai jan carbi. A ɗauke wuta, in sauka in tayar da janareta, in hawo in tarar sabis ya gudu, in fita baranda ina ɗaga waya sama kamar mai kiran shaho. Masu Umara suka fara ƙorafi wai ina amsa musu ba na kallonsu. Sista Ladi tana kira sau biyu a yini, ba gaisuwa. "Ya fito?" In ce tukuna. Ta kashe.

Ranar Litinin saƙo ya shigo, na buɗe. An ƙi hoton Baba, wai yana sanye da tabarau mai duhu. Ni na tura shi da hannuna, ina gaggawa ban lura ba. Na ɗauki keke napep shata har Shabu, na ɗauko shi zuwa wani mai hoto kusa da kasuwa. Da ya cire tabarau, hasken fitilar ya sa idon yana ta zubar da ruwa, sai da aka ɗauka sau biyar kafin a samu wanda ya buɗe ido. Yana share fuska yana ba mai hoton haƙuri, shi da aka wahalar. A hanyar komawa ya tambaye ni ko na ci abinci, ya sa mai keke ya tsaya ya saya mini gasasshiyar masara. Na riƙe ta har Shabu, na kasa kai ta baki.

Talata bizar Sista ta fito. Ta Baba shiru. Laraba shiru. Hajiya ta daina shiga ofishinta, ta jawo kujera kusa da tebur ɗina tana lazimi, lokaci-lokaci ta ce in sake dubawa. Ranar Alhamis, bayan la'asar, saura ƙasa da kwana ɗaya jirgi ya tashi, rubutun ya canja. Na karanta sau uku kafin na yarda. Na buga takardar kwafi huɗu, na sa a leda, na hau acaɓa.

Sista Ladi ta karɓa a bakin ƙofa. Ta duba suna harafi-harafi, ta duba lambar fasfo, ta duba ranar shiga da ta fita. Sannan ta ce in ba ta lambar Mista Banda, da ta wanda zai karɓe su a sabon otal. Na ce ai na riga na shirya komai da su. Ta ce ta sani, tana so ta tambaya da kanta. Na ba ta.

Sun yi kwana shida suka dawo. Ban jira su hawo mana matakala ba, na je. Baba ya yi baƙi da rana, yana cikin nishaɗi. Ya ce ya ga ruwa. Ya ce fari ne, yana faɗowa daga sama da nauyi har ƙasa tana motsi a ƙafarka, amma hagu da dama duk baƙin dutse ne, bai kai na kalanda ba, ko kusa. Ladi ta ce masa akwai bakan gizo a ƙasan ramin, ya yi ta juya kai har ya kamo guntunsa. Rigunan ruwa ba su fito daga akwati ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sista ta kawo mini ruwan sha ta ajiye, ta koma ciki.

A makon na ɗauki littafina mai sheƙi na bi shi shafi-shafi, ina kiran mutanen kowane wuri. Na tarar na sa Afirka ta Kudu cikin wuraren masu son sanyi, alhali a hutun Disamba su iyo suke yi a teku saboda zafi. Furannin Japan ashe kwanaki kaɗan suke yi su zube, kuma ba rana ɗaya suke buɗewa kowace shekara ba. Bikin launin Indiya yana bin wata ne kamar sallarmu, ba ya zama a rana guda. Dabbobin Kenya ma ba kullum suke bakin kogi suna jiran baƙo daga Lafiya ba. Muka kwashe littattafan duka, mai ƙosai ta ƙasa ta yi wata biyu tana naɗe ƙosai da dusar ƙanƙara.

Wata ranar Asabar da hantsi, a Afrilun da ya biyo baya, wayata ta yi ƙara. Baba Ayuba ne.

"Haruna, Afrilu ya shiga. Ruwa ya cika yanzu ko?"

Na ce, "Ya cika, Baba."

Ya ce idon ya rufe tun Fabrairu, yanzu rana da dare kawai yake bambantawa. Na fara ba shi haƙuri, ya hana ni.

"Ba don wannan na kira ba. Akwai wani a cocin mu, ya yi ritaya, yana so ya kai matar shi. Na ce ya zo wurin ka. Ya ce ba kai ne ka ɓata nawa ba? Na ce shi ya sa. Wanda bai ɓata ba tukuna, shi nake tsoro. Yana zuwa Litinin, ka tura su da wuri, kafin ruwa ya sauka."

Na ce to, Baba. Da ya kashe na zauna a bakin gado na yi kuka, matata ta ɗauka rasuwa aka yi.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Mutanenmu ba irin masu yawon da kuke gani a hotuna ba ne, waɗanda in bana bai yi ba sai su koma baɗi. Wanda ya hawo matakalarmu daga Doma ko Shabu sau ɗaya zai yi wannan tafiya, kuma sau da yawa akwai dalilin da ya sa sai yanzu, wanda ba zai faɗa ba sai ka bar shi ya gama magana. Yana ɗauka wanda ke bayan kwamfuta ya sani, ba zai je ya bincika bayanka ba. Tikiti ana sauyawa, biza ana sake nema, amma watan da ka sa mutum ya jira ba ya cikin abin da ofis zai iya mayarwa. Kuma ni ba abin da ban sani ba ne ya kayar da ni, wanda na sani sarai ne, na gidanmu, shi ya sa ban ga dalilin tambaya ba. Saboda haka kafin ku ce wa kowa ga watan da zai je ganin ruwa ko ƙanƙara ko biki, ku kira wanda yake tsaye a wurin, ko da kuna da tabbas, musamman ma in kuna da tabbas.

Baba Ayuba yana nan da ransa, nakan je gaishe shi lokacin Kirsimeti. Sista Ladi kuwa in muka haɗu a kasuwa tana amsa gaisuwata, amma ba ta tsayawa. Ban ga laifinta ba.